Gaisuwar da Ta Hana Dubiya

Akwai wata Laraba da har in bar aikin nan ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da Alhaji Mu'azu ya hau matattakalar ofishinmu da ke Mabera, babban ɗansa yana riƙe da hannunsa, ya tsaya a gaban teburina yana haki, ya ce in cire sunansa daga manhajar hirar da na yi wa ƙungiyarsu. Ba manhajar ce ta dame shi ba. So yake ya yanke hulɗa da amininsa na shekara arba'in, Alhaji Bello, kuma yana so kowa ya shaida. Abin da bai sani ba, ni ma a lokacin ban sani ba, shi ne ni na haɗa su faɗan da hannuna, har ma yabo na sha a kan aikin. Ku da kuka shigo bana kuna ta ƙorafin ina yi muku tambayar ƙwaƙwaf kafin ku ƙara ko maɓalli ɗaya. To ku gyara zama ku ji dalili.

A lokacin ina shekarata ta biyu a nan, ƙaramar mai rubuta manhaja ce ni, a ƙarƙashin Injiniya Sani, wanda shi ne manaja, shi ne mai nemo aiki, shi ne kuma mai yi wa kwastoma alƙawarin da mu za mu sha wahalar cikawa. Aikin ya zo daga wata ƙungiyar dillalan albasa, mutum sittin da 'yan kai, galibinsu dattawa. Ba a rumfa ɗaya suke zaune ba. Wasu suna ƙauyukan fadama suna saye daga hannun manoma, wasu sun bi motoci zuwa kudu, wasu sun tsallake iyaka. Mutum sai ya yi sati biyu ba a ga ƙeyarsa a Sakkwato ba, kuma ba wanda zai ɗauka wani abu ne. Suna da zauren hira a manhajar nan da kowa ke da ita a waya, amma 'ya'ya da surukai sun cika shi da bidiyon biki da tallan maganin basir, har labarin farashi ya ɓace a ciki. Suka ce suna son tasu ta kansu, wadda ba mai shiga sai ɗan ƙungiya.

Ga waɗanda ba 'yan sana'ar nan ba, irin wannan aiki ba daga tushe muke gina shi ba. Akwai manhajojin da masu su suka buɗe wa kowa, suka ce a ɗauka a yi amfani, a gyara yadda ake so. Sai ka kwafo ta gaba ɗaya ka ware kwafinka, abin da muke kira fok, daga nan kuma ta zama taka, kyanta naka, ɓarnarta ma taka. Ka canja launi, ka mayar da rubutun Hausa, ka cire abin da ba a buƙata, ka ɗora ta a kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da saƙonni ko wayoyi suna kashe. Injiniya Sani ya dubi aikin sama-sama ya ce sati biyu ya ishe ni. Wata huɗu na yi a kai.

Ranar gwaji na farko muka je zauren shugaban ƙungiyar, Alhaji Bello, a Ƙofar Rini. Dattawa suka zauna a kan tabarmi, na buɗe kwamfuta ina ji da kaina, na nuna musu launin ja-ja irin na albasa da na zaɓa. Ko kallon launin ba su yi ba. Jerin sunaye suka tsura wa ido. Manhajar tana jera mutane ne bisa haruffa, don haka wani Abdullahi, wanda bai fi shekara biyu da shiga ƙungiyar ba, shi ne a sama, shugaba yana ƙarƙashinsa.

"Ɗiyata," in ji Alhaji Bello, "wanga yaro mi yay yi da kinka aza shi bisa kaina?"

Na yi bayanin haruffa. Ya saurare ni har ƙarshe cikin haƙuri, sannan ya ce haruffa ba su san manya ba, a jera mutane bisa shekaru. Na ce babu matsala, kowa ya ba ni ranar haihuwarsa. Sai aka kwashe da dariya. Ba mai ranar haihuwa a cikinsu. Zama uku aka yi ana tantance wa ya girmi wa, da hujjoji irin su wa aka yi wa kaciya tare da wa, da wa ya riga wa fara azumi. Ni kuwa ina gefe ina rubuta lamba a gaban kowane suna.

A nan na fara sanin Alhaji Mu'azu. Shi ne mataimakin shugaba, siriri, mai kaifin baki, kuma shi kaɗai ke iya katse Alhaji Bello a tsakiyar magana. Tare suka fara dakon albasa suna samari, tare suka je Makka, kuma tun da aka zauna ba su daina zolayar juna ba. Da aka zo kan lamba ta ɗaya, kowannensu ya ce shi ne babba.

"Ni na goye ka, Bello," in ji Alhaji Mu'azu.

"Ka goye ni? Kai da ko buhu guda ba ka ɗauka sai an aza ma?"

Dattawa suka yanke hukunci cewa sa'o'in juna ne, a rubuta su daidai. Manhajar ba ta san mutum biyu a lamba ɗaya ba. Kwana uku na yi ina lanƙwasa ta har ta yarda ta ajiye su kafaɗa da kafaɗa a layi guda.

Daga nan buƙatu suka yi ta zuwa. Alamar nan da ke nuna wane yana rubutu, aka ce in cire, saboda wani dattijo yakan yi minti goma yana haɗa kalma uku kuma ba ya son yara su gani. Hoton babban yatsa da ake dannawa don nuna yarda, aka ce rashin kunya ne yaro ya ɗaga wa babba yatsa, na maye gurbinsa da maɓallai biyu, "Madalla" da "Allah shi kyauta". Aka kuma kafa doka cewa ba a shigar da kowa, ba a fitar da kowa, sai shugaba ya danna amincewa daga wayarsa. Sau ɗaya na je dandalin masu asalin manhajar na tambayi yadda zan ba mutum biyu matsayi ɗaya a jerin da aka tsara bisa shekarun da ba a sani ba. Wani bawan Allah daga can wata ƙasa ya amsa mini cikin ladabi, ya ce bai gane ba, ko zan sake duba tambayar tawa. Ban sake komawa ba.

Aka buɗe manhajar a farkon lokacin kwasar albasa. Sati ɗaya kacal ta yi sai sabuwar matsala ta ɓullo. Mutanen nan ba sa fara maganar kasuwa ba tare da gaisuwa ba, kuma ba gaisuwar jimla ba, kowa da tasa. Da an idar da sallar asuba sai mutum sittin su fara: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya ɗiya, ya kasuwa. Ƙarami ya gai da babba, babba ya amsa, in bai amsa ba ya zama abin magana. Kafin hantsi saƙonni sun yi tuli, farashin albasa ya sake nutsewa kamar dā. Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne Alhaji Bello, don kowa sai ya gaishe shi. Ya kira mu zaurensa ya nuna mana babban yatsansa, wai ya kumbura.

"Ɗiyata, ba ki iya sa abin ga shi riƙa amsa man? Ni dai in ga kowa ya tashi lahiya, shi ke nan."

Wallahi da na tsaya na saurari jimlarsa ta biyu da kyau, da ba a yi abin da aka yi ba. Ni ta farkon na ji, don ita ce mai daɗin yi. Na dawo ofis raina fes, na zauna na tsara gaisuwa mai yin kanta. Kowace safiya sunan kowane mutum zai gai da na sama da shi, na sama ya amsa, a bi tsari har a gama. Na ware wa gaisuwar shafinta daban don kada ta danne maganar kasuwa, sannan duk wanda gaisuwarsa ta kammala sai koriyar alama ta fito a gefen sunansa. Da na tuna cewa a ƙauye caji yakan ƙare, data ma takan ƙare, sai na yi abin da a lokacin na ɗauka basira ce. Na ɗora aikin a kan saba, ba a kan wayoyinsu ba. Wato ko wayarka tana kashe, ko ta faɗa rijiya, kai dai za ka gaisa.

Ranar farko abin ya ba mu kunya. Na tsara cewa ƙarami ne ke rufe gaisuwa da godiya. To Alhaji Bello da Alhaji Mu'azu matsayinsu ɗaya, babu ƙarami a cikinsu. Wannan ya ce madalla, wancan ya ce madalla, ya gida, wannan ya ce lafiya lau, ya ɗiya, haka suka yi ta yi tun asuba ba wanda ya yarda ya yi shiru, har saba ta gaji ta faɗi ana kiran azahar. Na gyara, na sa musu iyaka. Na ƙara da gaisuwar yanayi, ya sanyi a lokacin sanyi, ya zafi a bazara, ya ruwa da damina, da barka da Juma'a. Injiniya Sani ya yaba mini a gaban kowa, ya ce za mu sayar wa 'yan kara, masu cinikin dabbobi, da 'yan hatsi irin wannan. Alhaji Bello ya aiko mini da buhun albasa har gida. Na yi ta fankama, ba zan ɓoye muku ba.

Aka yi wata biyu lafiya, sai wannan Larabar.

Da kyar na gane Alhaji Mu'azu. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, a bayan hannunsa akwai filastar da ake liƙawa inda aka sa ƙarin ruwa. Na miƙe na ba shi kujera na gaishe shi. Ɗansa Nasiru, magidanci ne mai furfura a gemu, ya ce daga asibiti aka sallamo su jiya, aiki aka yi wa Alhaji a ciki, kwanansu goma sha ɗaya. Ya roƙe shi ya huta a gida, ya ƙi.

"Hadiza," in ji Alhaji Mu'azu, "ki hidda sunana daga abin ga naku. Yanzun ga ni ka so."

Na ce, "Baba, lafiya? Wani abu manhajar ta yi?"

"Manhaja ba ta yi man komi ba. Kwana sha ɗaya ina kwance. Maƙwabta sun zo, 'yan masallaci sun zo, har mai wankin hula ya zo da lemu. Ƙungiyag ga da munka kahwa da hannunmu, ko mutum guda. Bello ko waya bai bugo ba."

Na tambayi Nasiru ko sun sanar da ƙungiya. Ya girgiza kai, ya ce Alhaji ya hana, har rantsuwa ya yi musu.

"In sanar da wa?" Alhaji Mu'azu ya ɗaga murya. "Ni zan aika in ce ku zo ku dube ni? Mutum in ya kwana biyu ba a ji shi ba, nemanai a kai. Hakanan munka tashi munka iske."

A nan na tuna da gaisuwar da na ɗora a kan saba. Na tambayi inda wayarsa take duk kwanakin nan. Nasiru ya ce tana gida a cikin durowa, a kashe, tun ranar da suka tafi asibiti. Na juya kwamfuta na buɗe shafin gaisuwar Alhaji Mu'azu. Ga shi nan, kore shar, kwana goma sha ɗaya ba fashi. Ranar da aka kwantar da shi ya gaya wa mutum sittin cewa ya tashi lafiya lau. Ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata, a daidai lokacin da likitoci ke kansa, ya tambayi Alhaji Bello ya kasuwa, ya kuma yi masa fatan alheri. Ranar Juma'a ya yi wa kowa barka da Juma'a. A wannan safiyar ma, yana kan hanyar zuwa ofishinmu da ɗinki a ciki, ya ce babu gajiya.

Na karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago ya kalle ni.

"Ni nac ce hakanan?"

Na ce ba shi ba ne, manhaja ce ta faɗa da sunansa, kuma ni na sa ta. Injiniya Sani, da ya fito daga ofishinsa ya tsaya a bayana, ya yi gyaran murya ya ce ai wannan 'yar ƙaramar matsala ce ta fasaha, za a gyara a sabuntawa ta gaba. Alhaji Mu'azu ya dube shi sau ɗaya, Injiniya ya tuna yana da waya da zai amsa a ciki.

Na ɗauka magana ta ƙare, tunda ga hujja. Ashe ban san mutane ba. Alhaji Mu'azu ya ce ya ji, na'ura ta yi ƙarya da sunansa, ya yafe mata. Amma kwana goma sha ɗaya Bello bai ji muryarsa ba kuma bai ji komai a ransa ba, wannan ba na'ura ba ce. Ya ce in cire sunan. Na san abin da zai biyo baya. Da na danna, saƙo zai fita ga duk 'yan ƙungiya cewa Alhaji Mu'azu ya fita, kuma a wurin mutanen nan wannan daidai yake da ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce ba shi ba Bello. Irin wannan magana in ta fita ba ta komawa.

Abin da ya cece ni dokar da su da kansu suka kafa ce. Na ce, "Baba, ba zan iya ba. Ba a fitar da kowa sai shugaba ya danna amincewa."

"Wane shugaba?"

"Alhaji Bello."

"Wato in rabu da Bello sai Bello ya yarda?"

Na ce haka suka ce in tsara, kuma shi ne ma ya kawo shawarar a zamansu na biyu. Ya ce shi dai ƙafarsa ba za ta taka Ƙofar Rini ba, in je in samo amincewar in kawo masa gida kafin la'asar. Nasiru ya kama shi suka sauka.

Na rungumi kwamfuta na tari Keke Napep. Na iske Alhaji Bello a zaure yana cin tuwon rana. Bayan mun gaisa na tambaye shi yaushe rabonsa da Alhaji Mu'azu.

"Mu'azu? Yau da sahe munka gaisa. Shina can fadama wajen saye, lahiya lau shi ke." Ya ɗauko waya ya nuna mini koriyar alamar, yana murmushi, kamar mai nuna mini kyan aikina.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na durƙusa na gaya masa komai, asibiti, tiyata, wayar da ke cikin durowa, da abin da aka aiko ni in karɓa. Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Sannan ya wanke hannu, ya miƙe, ya zura takalmi, ya ce in biyo shi, ni ce shaida.

Gidan Alhaji Mu'azu yana Ƙofar Marke. Muka same shi kishingiɗe a zaure a kan katifa, fuskarsa tana duban bango. Alhaji Bello ya yi sallama. Ya amsa sallamar, don wannan dole ce, amma bai juyo ba.

"Mu'azu, ina wuni? Ya jiki?"

"Tambayi wayarka. Ita ta san lahiyata."

Alhaji Bello ya zauna a ƙasa dab da katifar, ya yi mini alama. Na sake maimaita bayanina, na ce laifina ne, a yafe mini. Alhaji Mu'azu ya ce wa bango yarinya ba ta da laifi, abin da aka sa ta ta yi. Ya ce shi tambayarsa guda ce, kuma ba ni zan amsa ba. Shekara arba'in, akwai ranar da ta taɓa wucewa bai ce wa Bello wani abu da zai ɓata masa rai ba? To kwana goma sha ɗaya yana ta ya gida, ya ɗiya, Allah shi ba da sa'a, kamar wani sabon suruki, Bello bai ji wani abu ya canza ba?

Alhaji Bello ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na lura."

Ni kaina na ɗauka ya gama kashe maganar.

"Wallahi na lura. Har na hwaɗa ma Hajiya. Nac ce mata, kin ga Mu'azu, Allah ya shirye shi da tsuhwa, ya koyi ladabi. Har daɗi nij ji."

Kafaɗar Alhaji Mu'azu ta fara motsi. Na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce yake dannewa, ta ƙi dannuwa, ta fito, ya dafe ciki yana salati saboda ɗinki, yana cewa a fitar masa da wannan mutum kafin ya kashe shi. Alhaji Bello bai yi dariya ba. Hawaye ne ke bin gemunsa. Ya kama hannun nan mai filasta ya riƙe, ya ce shi ya nemi a sauƙaƙe masa gaisuwa saboda yatsa, ga abin da yatsa ya jawo masa. Ya ce da Mu'azu ya mutu a ɗakin tiyatar nan, da har yau suna gaisawa kowace safiya bai sani ba. Daga nan ba wanda ya sake dariya.

Na matsa bakin ƙofa na ba su wuri. Sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Da aka kira la'asar Alhaji Mu'azu ya ɗaga murya ya kira ni. Na zo da murnata, ina jiran ya ce a bar maganar.

"Hadiza, ina amincewar da nac ce ki kawo?"

Na dubi Alhaji Bello.

"Hidda sunana," in ji Alhaji Mu'azu. "Ƙungiya ina ciki har in mutu. Amma abin ga ba ni komawa. In Bello na son sanin lahiyata, ya san gidan ga, ya san lambata."

Alhaji Bello ya ciro wayarsa, ya miƙo mini in nuna masa inda zai danna. Kafin ya danna ya sa aka ɗauki muryarsa ya aika wa 'yan ƙungiya, ya ce Mu'azu ba fushi ya yi ba, ciwo ya yi, yana gida, kuma duk wanda ke cikin gari bai zo dubiya kafin magariba ba, shi da shi ne. Sannan ya danna da yatsan nan nasa. Saƙo ya fita cewa Alhaji Mu'azu ya fita. Kafin in tattara kayana mutum huɗu sun yi sallama a ƙofa, kowa yana rantsuwa cewa da safen nan suka gaisa.

A ranar na kashe gaisuwa mai yin kanta, ban jira izinin Injiniya Sani ba, shi ma bai tambaye ni ba. Washegari saƙonni suka dawo tuli kamar dā, farashi ya sake nutsewa, dattawa suka koma ƙorafin yatsa. Ba wanda ya sake cewa in gyara.

Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. Masu asalin manhajar sun gina ta ne don mutanen da ba mu sani ba, mu kuma aikinmu mu gyara ta ta dace da mutanen da muka sani, kuma a nan ne ake yin ɓarna, don mukan ɗauka mun san su. Ni 'yar garin nan ce, da gaisuwar nan aka raine ni, amma na zauna na ɗauke ta a matsayin wahalar da za a rage wa mutane. Ban tambayi kaina aikin me take yi musu ba. Ashe ba amsar suke saurare ba, don amsar kullum lafiya lau ce, ko mutum yana kwance. Wanda bai amsa ba suke nema, ni kuma na tsara abin da ya sa ba mai yin shiru. Don haka in kwastoma ya ce ku sauƙaƙe masa wani abu, ku bi shi ku ga abin da yake yi da wahalar tukuna, ko da zai ce kun cika tambaya. Alhaji Mu'azu ya ƙara shekara biyu a duniya bayan wannan, kuma Nasiru ya gaya mini a wurin ta'aziyya cewa babu safiyar da Alhaji Bello bai kira ba. Ranar da ya kira Alhaji Mu'azu bai ɗauka ba, kafin iyalin su gama shawarar wanda za a fara sanarwa, Alhaji Bello yana bakin ƙofa.